Dattijon da ya ci gasar duniya da Hyundai yana ɗan shekara 56

Tambaya daga wani matashi bakanike a Farin Gada, Jos: "Oga barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook, wani bature mai furfura wai ya zama zakaran duniya a tseren mota, kuma motar Hyundai ce ƙarama irin wadda ake kawo mana gareji. Gaskiya ne ko haɗi ne? In dai ya iya tuƙi haka me ya hana shi Formula 1?"

To ƙanena, ba haɗi ba ne. Mutumin sunansa Gabriele Tarquini, ɗan Italiya, an haife shi 1962, kuma a 2018 ya ci gasar WTCR da Hyundai i30 N yana da shekara 56. Wannan tseren shi ake ce wa na motocin turin, wato motar da ake sayarwa a kasuwa a ɗauko ta a gyara ta don tsere, ba irin na Formula 1 mai kujera ɗaya da tayoyi a waje ba.

Batun me ya hana shi Formula 1, ai ya je, can ma ya fara shan wuya. A 1984 ya zama zakaran duniya a ƙananan motocin nan na kat, daga 1987 kuma ya shiga Formula 1, sai dai duk ƙungiyoyin da suka ɗauke shi ƴan rabbana ka wadata mu ne, Osella, Coloni, AGS, Fondmetal. A 1989 motoci 39 ke neman gurbi 26, don haka ƙananan sai sun yi gwajin share fage da sassafen Juma'a, wanda ya faɗi ya tattara kayansa tun kafin ƴan kallo su gama shigowa. Sau 78 ya yi rajista, sau 38 kacal ya samu tashi a tseren, maki ɗaya tal ya samu a duk zamansa, a Mekziko 1989 da ya zo na shida. Kai da kake gareji ka fi kowa sanin wannan, a ba direba gwani akwalar mota ya hau hawan Kibo da ita, wani yaro da sabuwa zai wuce shi yana danna masa hon, ba don ya fi shi hannu ba.

Da ya koma motocin turin sai labari ya sha bamban. A 1994 Alfa Romeo suka kai shi gasar Birtaniya da mota 155, ya cinye tsere biyar na farko a jere, ya ɗauki kofin shekarar. Amma akwai wayo a ciki, kuma nan ne ni abin ke burge ni. Doka ta ce duk abin da ke jikin motar tsere dole ya kasance a jikin wadda ake sayarwa, aƙalla guda 2,500. Sai Alfa suka ƙera wani samfuri na musamman da fiffike a baya wanda ake iya ɗagawa da wasu ƙarafa da ake ba mai saye, da wani leɓe a ƙasan bamba ta gaba da ake zarowa. Iska ta riƙa danne motar a kwana, sauran suna zamewa ita tana manne da kwalta. Rigima ta tashi har Alfa suka yi fushi suka janye daga tseren filin Oulton Park a Ingila, shekarar da ta biyo baya kuma aka yarda kowa ya sa fiffike. A 1994 ɗin ne kuma a filin tseren Knockhill na Sikotlan aka taɓa shi ta baya motar ta yi ta wuntsilawa, ya fito da ƙafarsa.

Daga nan ya ci ta Turai a 2003 da Alfa 156, sannan ta duniya a 2009 da SEAT León, kuma ka ji abin mamaki, injin dizal ne. Yana da 47 lokacin, ya karya tarihin Fangio, tsohon zakaran Formula 1 ɗan Ajantina, na zakaran duniya mafi tsufa. Duka 2009 da 2018 wanda ya kayar mutum ɗaya ne, Yvan Muller ɗan Faransa, duka biyun kuma sai a tseren ƙarshe a titunan Makau ta ƙasar Sin aka raba gardama, da ratar maki ƙalilan.

Yadda tsoho ke kayar da yara kuwa, a ganina tsarin tseren ne ya dace da mai haƙuri. A lokacin ana daidaita motocin, wadda ta fiye gudu a ɗora mata nauyi, wani tseren kuma a juya layin tashi na gaba su koma baya, to dole ka iya kutsawa cikin cunkoso ana gogar ƙofa da ƙofa ba tare da ka karya ƙafar mota ba. Sannan motar da tayoyin gaba take ja, su ne ke juyawa su ne ke ja su ne ke ɗaukar yawancin birki, yaro mai zafin kai zai taka totur tun yana tsakiyar kwana ya cinye tayarsa a zagaye biyar, dattijo ya lallaɓa tasa ya zo ya wuce shi a ƙarshe. Ga shi kuma shi ne direban gwajin da Hyundai suka yi aikin ƙera motar da shi a 2017, duk wani ƙara da take yi ya san daga ina yake.

Sai dai kar ka ce irin ta garejinku ce sak. Bodin ne ɗaya. An kwashe kujeru da kafet an walda kejin ƙarfe a ciki, injin lita 2 ne mai turbo da ƙarfin doki wajen 350, giya kuma a bayan sitiyari ake taɓa ta da yatsa, ba ruwanka da kulochi sai wajen tashi. Shi dai Tarquini ya ajiye tseren a ƙarshen 2021 yana da shekara 59.