Kyamara Zan Fara Saya Ko Kayan Sauti? Amsoshin Tambayoyin Masu Son Aikin Fim a Legas

Wani matashi daga Agege ya rubuto cewa ya shekara biyu yana tara kuɗi daga sana'ar gyaran waya, kuma yana so ya shiga aikin fim. Tambayarsa ita ce ko ya je Computer Village da ke Ikeja ya sayi kyamara ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita.

Ƙanena, ka dakata da sayen kyamarar nan tukuna. A lokeshan ɗin Legas, ko a Surulere ne ko a Lekki, furodusa yakan ɗauko hayar kyamara da gilasanta da fitilu gaba ɗaya, kuma mai ɗaukar hoton da aka riga aka sani shi ake damƙa wa su. Sabon shiga da ya zo rataye da tasa ba ya samun gurbi saboda ita, sai dai ta zauna a jaka darajarta tana raguwa. Inda ake ƙarancin ƙwararru shi ne ɓangaren sauti, kuma a can nake so ka zuba kuɗinka. Mai kallo yana iya jure hoto mai ɗan duhu, amma da zarar maganar jarumi ta shige cikin ƙarar janareta, to ya bar fim ɗin ke nan.

Kai da kake zaune a Agege ka fi kowa sanin yadda jirage ke ratsa samaniya daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed. Na sha ganin mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu a tsakiyar fitowa, idanunsa a rufe, abin sauraro a kunne, kowa ya yi tsit har jirgin ya wuce, sannan darakta ya ce a sake. Wannan kunnen shi ake biya. Ka sayi na'urar naɗar sauti irin su Zoom H5 ko H6, da makirfo mai tsini wanda ake ɗaurawa a kan sanda, da rigar gashin da ke tare masa iska, da abin sauraro mai rufe kunne. Ka saita naɗin a kan kilohaz 48, wato na'urar ta riƙa ɗaukar sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, domin shi ne ma'aunin bidiyo, kuma kada ka bar ɗaki ba ka naɗi shirunsa na minti ɗaya ba, saboda mai tace fim zai buƙace shi wajen haɗa gaɓoɓin magana. Jin Hausarka ma jari ne, domin idan fitowa ta ƙunshi Hausa, kai ne za ka gane inda jarumi ya haɗiye kalma.

Game da katin ajiya kuwa, wato memorin da ake naɗar hoto ko sauti a ciki, kada ka bi araha. Na taɓa sayen wani a wani shago, kwalinsa sumul, amma da muka tashi aiki da daddare sai muka tarar rabin abin da muka ɗauka bai shiga ba. Tun daga ranar nake gwada kowane kati a kwamfuta kafin aiki, kuma ba na goge shi sai na ga kwafi biyu a wurare daban-daban.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta tambaya ko sai ta biya kuɗin makaranta kafin a ɗauke ta aikin lura da ci gaban fitowa, wato tabbatar da cewa kaya da motsin jarumai ba su sauya ba daga ɗauka zuwa ɗauka. 'Yar'uwa, makaranta tana da amfani, amma ba sharaɗi ba ce. Akwai EbonyLife Creative Academy da aka buɗe a 2021 tare da gwamnatin Jihar Legas, da MultiChoice Talent Factory da ta fara a 2018, sai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos ga mai son dogon karatu. Kafin ki samu gurbi, ki nemi zama mataimakiya, ki riƙe littafi da biro da waya, ki rubuta hannun da jaruma ta riƙe kofi da shi da ɓangaren da ta karkata ɗaurin ɗankwalinta, domin ana iya ƙarasa fitowar bayan kwana uku.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mataimakin mai ɗaukar hoto ce a Mile 12, wanda hotonsa ke ƙyafƙyaftawa a ƙarƙashin fitilun ɗaki, har yana tunanin sauya kyamara. Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau. Wutar Najeriya tana tafiya ne a kan haz 50, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60, hasken fitilu kuma yana bin wannan juyin, kuma kyamarorin hannu da yawa da saitin can suke zuwa. Ka mayar da ita hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawarta, wato tsawon lokacin da take barin haske ya shiga a kowane hoto, kuma ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Idan matsalar ta ci gaba, ka duba janaretan, domin ƙaramin janareta yakan kauce daga 50 idan kaya suka yi masa yawa. Kuɗin da ka ware kuwa, ka sayi akwati mai rufuwa ruf da ƙullin sinadarin tsotse danshi, saboda daminar Legas tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna daga ciki, kuma idan ta daɗe takan bar tabon da gogewa ba ta fitarwa.