Tambaya da Amsa: Cin abincin dare a jirgin ruwa, kallo ake saye ko abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin tafiya birnin Faris a watan Yuni, kuma wani abokin aikina ya ce kada mu kuskura mu dawo ba mu ci abincin dare a cikin jirgin da ke zagayawa da baƙi a kan Kogin Seine ba. Da na duba a intanet sai na tarar da tikiti iri-iri. Akwai jirgin da ke tashi wajen ƙarfe shida na yamma, akwai mai tashi bayan ƙarfe takwas, kuma a cikin jirgi ɗaya ma kuɗin kujera ya bambanta ƙwarai. Shin abin ya kai kuɗinsa, ko gara mu ci abincinmu a tudu, mu kalli gari da ƙafa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokin aikinka bai ba ka muguwar shawara ba, sai dai ya kamata ka san abin da kuɗinka zai saya kafin ka fitar da su. Abin da ake sayarwa a irin wannan jirgi shi ne wurin zama da kuma lokaci, abinci kuwa rakiya ya yi. Wanda ya gane haka yakan sauko da farin ciki, wanda kuma ya shiga da zaton zai ci girkin da ya fi na ko'ina daɗi yakan sauko yana lissafin asararsa.

Dalilin da ya sa kallon birni daga kan ruwa ya sha bamban da kallonsa daga titi yana cikin tarihin biranen kansu. Tsofaffin birane irin su Faris da Landan da Alƙahira sun girma ne a bakin kogi, domin ta kan ruwa hatsi da itace da duwatsun gini suke shigowa tun kafin a san jirgin ƙasa, saboda haka manyan gine-ginensu da yawa kogin suke fuskanta. Mai tafiya a titi yana ganin gini gutsure-gutsure, motoci da itatuwa da jama'a suna tare masa ido, amma wanda ke tsakiyar kogi yana samun tazarar da zai ga ginin daga tushe har rufi. A Faris jirgin zai bi da ku ta gaban gidan tarihi na Louvre, da na Orsay wanda asalinsa tashar jirgin ƙasa ce da aka buɗe a 1900, da majami'ar Notre-Dame da gobara ta cinye rufinta a Afrilun 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Hukumar UNESCO ta sanya wannan gaɓa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1991. Gadoji 37 ne suka ratsa kogin a cikin birnin, kuma idan jirgin ya zo shiga ƙarƙashin Pont Neuf, wadda aka gama ginawa a 1607 kuma ta fi sauran tsufa, ka ɗaga kai ka dubi gefenta. Za ka ga fuskoki ɗaruruwa da aka sassaƙa a dutse a jere, wannan ta murtuke, waccan ta wage baki, kuma mutumin da ke tafe a saman gadar yana iya wucewa bai san da su ba.

Batun lokaci shi ne inda baƙi suka fi yin tuntuɓe. Faris tana can arewa sosai, don haka a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, alhali a Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma ta faɗi. Wannan yana nufin jirgin ƙarfe shida da ka gani zai tashi ya dawo rana tana tsaye, ba za ku ga fitila ko ɗaya a kunne ba, kuma shi ya sa yawanci ya fi araha. Jirgin bayan ƙarfe takwas shi ne zai ba ku abin da kuka je nema, wato ku tashi da sauran haske, ku ga sama tana sauya launi, sannan ku dawo birnin yana cikin fitilu. Hasumiyar Eiffel, wadda aka gina a 1889 kuma tsawonta ya kai mita 330, tana ƙyalƙyali na minti biyar a kowace cikar awa bayan duhu ya shiga, kuma matuƙan jiragen sun san da haka, shi ya sa suke auna tafiyarsu yadda za su iso gabanta a kan kari. A kowane birni ne, ka fara duba lokacin faɗuwar rana na ainihin ranar da za ka shiga, sannan ka zaɓi jirgin da magariba za ta riske shi a kan ruwa.

Bambancin kuɗin kujera kuwa, taga ce sanadinsa. Teburin da ke tsakiyar jirgi ba ya ba mai shi komai illa ƙeyar waɗanda ke bakin taga, kuma akwai wata matsala da masu talla ba sa faɗa: idan dare ya yi, fitilun cikin jirgi suna kunne, waje kuma ya yi duhu, gilashin tagar yakan zama madubi. Mutumin da ke nesa da gilashin zai riƙa ganin hoton ma'aikaci da faranti a hannu a daidai inda ya kamata ya ga gada. Na bakin taga yana iya matso da fuskarsa ya kare hasken da tafin hannu, kuma idan zai ɗauki hoto, sai ya kashe filashi ya manna wayar a jikin gilashin. Saboda haka ka tambaye su a rubuce ko tikitinka ya tabbatar maka da teburin taga, da kuma ko jirgin yana da buɗaɗɗen sama ko baranda da za a iya fita a tsaya. Kada ka damu da zaɓen dama ko hagu, domin yawancin jiragen suna zuwa wani wuri ne su juyo, gaɓar da ba ka gani ba a tafiya za ka gan ta a dawowa.

Game da abinci, kada ka sa rai da yawa. Ɗakin girkin jirgi ƙarami ne, jama'a kuma da yawa ne, dole a ciyar da su duka cikin awa biyu ko biyu da rabi, don haka jerin abincin gajere ne kuma akan shirya wani ɓangarensa tun kafin a tashi. Sannan taura biyu ba ta taunuwa: a daidai lokacin da aka ajiye maka faranti mai zafi ne jirgin zai iso gaban ginin da ka fi son gani, sai ka zaɓa tsakanin cokali da kallo. Idan akwai abin da ba ku ci ko ba ku sha, ko saboda addini ko saboda lafiya, ka sanar da su lokacin sayen tikiti, domin da jirgi ya bar gaɓa babu kasuwar da za a aika. Tikiti da yawa suna haɗe da giya a cikin kuɗinsu, kuma ana iya neman a musanya ta da wani abin sha.

Ra'ayina shi ne, idan aljihunka ya isa teburin taga a jirgin dare, kuma abin da kake so shi ne ku zauna kai da maiɗakinka ku yi hira birni yana wucewa ta gabanku, to ka biya, ba za ka yi da-na-sani ba. Idan kuwa kuɗin teburin tsakiya kaɗai kake da shi, gara ku shiga jirgin kallo na awa ɗaya da magariba, wanda ba a cin abinci a cikinsa, ku zauna a buɗaɗɗen samansa, sannan ku sauka ku ci abinci mai kyau a tudu. Ko wanne kuka zaɓa, ku isa tasha da rabin awa kafin lokaci, domin jirgi ba ya jiran kowa, kuma ku karanta ƙa'idar maido da kuɗi. A watan Yunin 2016 Seine ta cika har aka dakatar da zirga-zirgar jiragen, saboda idan ruwa ya hau ba sa iya kutsawa ƙarƙashin gadoji.

Tambaya: Ina son in kai mahaifiyata da yarana biyu irin wannan yawo, amma ni ina tsoron ruwa, ita kuma ko a mota jiri yakan ɗebe ta. Akwai haɗari? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Jirin tafiya yana zuwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa wa motsin da cikin kunne ke ji, kuma a kan kogi ko tafkin da ruwansa ke kwance, babban jirgi mai tafiya a hankali ba ya girgiza sosai. Inda ake jin motsi shi ne bakin teku da mashigai irin Bosforus na birnin Santambul, inda manyan jiragen dakon kaya ke wucewa suna tura igiyar ruwa. Ki zaunar da Mama a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa, ta riƙa duban gaɓa mai nisa, kada ta duƙufa a kan waya. Idan za ta sha maganin jiri, a tuntuɓi likitanta tukuna, saboda wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna sa barci kuma ba sa jituwa da wasu cututtukan tsufa. Ki kuma tambaya ko akwai matakala mai tsayi wajen shiga, da kuma benen da ban ɗaki yake.

Haɗari ba ya yawan faruwa, amma ba zan ce miki babu shi ba. A watan Agustan 1989 wani jirgin yashe kogi ya buge jirgin shaƙatawa mai suna Marchioness a kan Kogin Thames a Landan, mutum 51 suka rasu. A ranar 29 ga Mayun 2019 kuma wani babban jirgi ya yi karo da ƙaramin jirgin yawon buɗe ido a kan Kogin Danube a Budapest, cikin ruwan sama kuma kogin a cike, ƙaramin ya nutse nan take da baƙi waɗanda yawancinsu 'yan Koriya ta Kudu ne. Duka biyun da dare suka faru, kuma duka biyun karo ne tsakanin babba da ƙarami. Abin da ke hannunki shi ne ki sayi tikiti daga kamfani mai rajista a tasharsa, ki guji mai tare baƙi a bakin hanya yana rage farashi, kuma da kin shiga ki tambayi inda rigunan ceto suke, har da masu girman yara. Idan kin ga an cika jirgi ya wuce kima, ko hadari ya haɗu, ki haƙura da ranar. Ki riƙe hannun yaran a duk lokacin da kuka fita baranda, kuma kowa ya ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce, domin iskar kan ruwa da dare ta fi ta cikin gari kaifi.

Tambaya: Tsakanin Alƙahira da Dubai da Santambul, ina ne ya fi dacewa a yi wannan yawo? Kuma gaskiya ne ana hango dalar Fir'auna daga kan Nilu? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, dalar Giza tana can bakin hamada, kilomitoci da dama yamma da kogin, kuma jirgin abincin dare ba zai nuna maka ita ba, komai kyan hoton da aka liƙa a talla. Abin da za ka gani shi ne tsibirin Zamalek, da Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 da aka buɗe a 1961, da manyan otal-otal da gadoji. A jiragen Nilu hankalin jama'a ya fi karkata ga abin da ke faruwa a ciki, wato kiɗa mai ƙarfi da rawa, har da rawar tanura wadda mai yin ta ke juyawa da faffaɗan bujen launuka, da kuma rawar mata da ba kowane iyali zai so ya zauna gabanta ba. Mai son natsuwa gara ya ɗauki ƙaramin jirgin filafilai da ake kira faluka kafin rana ta faɗi.

A Dubai hanya biyu ce, kuma akan rikita su. Jirgin katako na gargajiya da ke bin tsohon mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai zai nuna maka kasuwanni da tsohon gari da jiragen 'yan kasuwa a ɗaure, na unguwar Marina kuwa yana bin mashigin da mutane suka haƙa ne a tsakanin dogayen benaye. Ka duba sunan tashar da ke jikin tikitinka, saboda wuraren biyu suna da nisa da juna.

Idan kallo ne zalla, ni Santambul zan zaɓa. Bosforus ya kai kimanin kilomita 30, Turai a gaɓa ɗaya, Asiya a ɗayar, kuma sarakunan Usmaniyya a bakin ruwan suka gina fadojinsu, kamar Dolmabahce da aka gama a 1856. Za ka wuce masallacin Ortakoy a gindin gadar farko da ta haɗa nahiyoyin biyu a 1973, kuma idan jirgin ya yi nisa zuwa gada ta biyu, za ka ga ganuwar Rumeli da Sarki Muhammadu na Biyu ya gina a 1452, shekara ɗaya kafin ya ci birnin. Ba kowane jirgin dare ne ke kaiwa can ba, don haka ka tambayi inda yake juyowa. Tunda kai ɗalibi ne, ka san cewa jiragen fito na gwamnati da mazauna birnin ke hawa zuwa aiki suna ratsa wannan ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy har bayan magariba, kuɗinsu na motar haya ne, kuma ana sayar da shayi a ciki.