Me ya haɗa hoton asibiti da hannun roba mai motsi?

Tambaya: Likita, injin niƙa ya cinye hannun ƙanena, aka yanke shi ƙasa da gwiwar hannu. Na ji ana ɗaukar hoton tsokar dungun don a haɗa hannun roba mai motsa yatsu. Yaya haka za ta yiwu alhali yatsun babu su?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Malam. Ka riƙe dantsenka ka dunƙule hannu, za ka ji nama yana motsi. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su a nan suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne ke kai jansu ga yatsu. Don haka wani ɓangarensu na nan a dungun ƙanenka, kuma ƙwaƙwalwa na ci gaba da aika musu umarni.

Yawancin hannuwan lantarki da ake sayarwa, ƙananan ƙarafa ake ɗorawa a fata su ɗauki ɗan lantarkin da tsoka ke fitarwa. Matsalar ita ce tsokokin a jere suke, wasu bisa wasu. Wadda ke lanƙwasa kan yatsa tana can ƙasa, sai saƙonta ya cakuɗe da na sama. Ga zufa, ga zamewar ƙarfen. Shi ya sa da yawa buɗewa da rufewa kawai suke iyawa da kyau.

A nan hoto yake da rana. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana nuna girman kowace tsoka da ta rage, da wadda ta ƙanƙance ko kitse ya cinye. Amma ƙatuwa ce, ba a yawo da ita. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu, domin tana ganin tsokar ciki tana kumbura a daidai lokacin da mutum ya yi niyyar motsa yatsa. Yong-Ping Zheng na Hong Kong ya bayyana wannan hanya ta tuƙa hannun roba da hoton sikanin a 2006. A 2017, masana a Georgia Tech ta Amurka suka haɗa wa makaɗi Jason Barnes hannun da ya danna fiyano yatsa ɗaya-ɗaya da ita. A Pisa ta Italiya kuma, a 2024 aka ba da rahoton dasa maganaɗisu 6 a tsokar dungun wani mutum don motsinsu ya tuƙa hannun roba, bayan MRI ta taimaka wajen zaɓen wurin, ya yi mako 6 yana amfani da hannun.

Har yanzu dai gwaji ake yi, kada wani ya karɓi kuɗinku da alkawarin irinsa. Abin da ke hannunku shi ne kada tsokar ta mutu. Ku je wajen masu gashi a asibitin ƙashi su koya masa motsa ta kullum, kamar yatsun suna nan, don ko wane irin hannun lantarki ya samu, da ita zai tuƙa shi.