Kafin ka kai ƙararsu wurin mudir

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce an ɗora ka kan sito a Jidda, kamfani ya kawo tsarin shigar da kaya ta kwamfuta, tsofaffin ma'aikata kuma sun ƙi sakin littafi da biro, kana tambaya ko ka kai ƙararsu wurin mudir, wato manaja. Dakata tukuna.

Fara da wannan: a wurinku, idan mutum ya yi kuskure, me ake yi masa? In dai al'adar gidan ita ce a zaftare masa albashi, to ba taurin kai kake gani ba, tsoro ne. Kuskuren littafi ana gogewa, abokin aiki ya rufa maka asiri. Na kwamfuta kuwa yana nan da sunanka da lokacin da ka yi shi.

Na ga haka da idona a shagon kayan gyaran mota da na daɗe ina aiki. A Disambar 2021 hukumar zakka da haraji ta Saudiyya ta wajabta fatura ta lantarki, wato fitar da rasit ɗin ciniki ta kwamfuta. Akwai wani dattijonmu, Bahaushe, wanda ko fitila aka kashe zai miƙa hannu ya ɗauko maka abin da ka nema a kan kanta. Sai ga shi yana rubuta ciniki a bayan kwali, bayan la'asar ya lallaɓa ya miƙa wa wani yaro ɗan Bangaladash ya shigar masa. Wallahi abin ya taɓa ni. Mutumin da kowa ke zuwa tambaya ya koma mai roƙon yaro a ɓoye.

Ka kuma tuna halin baƙo a ƙasar nan. Igamarsa, wato takardar izinin zama, na rataye da aikinsa, iyali a gida na jiran ƙarshen wata. Tun da aka kawo Nitaƙat, tsarin da ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki, a 2011, duk sanda aka ce "sabon tsari", abin da kunnen baƙo ke ji shi ne za a rage mutane. Gaskiya ne daga Maris 2021 an sassauta sauya wurin aiki, ana yi ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, amma tsoron da ya shekara a zuciya ba ya fita da sanarwa.

Abin da ya warware mana abu biyu ne. Mai shago ya tara mu ya ce a watannin farko ba za a cire wa kowa ko riyal ɗaya ba kan kuskuren kwamfuta, kuma ya cika alkawari. Sannan aka zaunar da dattijon nan kusa da mai shigar da sunayen kaya, shi ke faɗin yadda makanikai ke kiran kowane abu da inda yake ajiye. Da ya ga saninsa ne ke shiga cikin na'urar, da kansa ya ce a nuna masa. Sauran suka bi shi, don dama shi suke kallo.

Ban ce kowa tsoro ne ke damunsa ba. Akwai wanda littafi ke rufa wa ɓarna, wannan zai bayyana da kansa idan sauran suka shiga tsari.

Kai yaro ne a kansu, don haka kada ka gyara wa babba a gaban na ƙasa da shi. Ka same shi shi kaɗai lokacin shan shayi. Wurin mudir kuwa ka je, amma da roƙon a ɗage cire albashi na ɗan lokaci, kuma ya faɗa da bakinsa a gaban kowa.