Amsa ga Ɗiyata a Kan Reshen Zogalen Amarya

Ɗiyata, na ga tambayarki game da reshen zogalen da muke sa wa amarya a cikin kayanta ranar da za a kai ta ɗakin miji, ko camfi ne da muka gada daga maguzanci, ko kuwa yana da tushe a bangaskiyarmu. Ki kwantar da hankalinki, ba tsafi ba ne, ba kuma umarnin Littafi Mai Tsarki ba ne. Kakarki ce ta fara shi bayan mun taso daga Malumfashi mun zauna a Katsina.

Ina yarinya, duk shekara idan damina ta kusa faɗuwa, wajen watan Mayu, takan ɗauki adda ta sare kan zogalen da ke jikin dangarmu, ta bar shi kamar turke, har nakan yi kuka don na ɗauka ta kashe shi. Kafin wata guda sai toho ya feso ta ko'ina, ƙasa-ƙasa inda hannun yaro ma zai kai, alhali wanda aka ƙyale ya yi ta tsawo, ganyensa sai an sa gora. Da yake ba ta iya karatu ba, takan sa in karanta mata Yohanna 15, inda Yesu ya ce Uba yakan datse reshen da ke ba da 'ya'ya domin ya ƙara bayarwa. Matar da ƙyanda ta raba ta da 'ya'ya biyu a shekara ɗaya ce take sauraron wannan aya, saboda haka ban taɓa ɗaukar fahimtarta da wasa ba.

Rassan da ta sare ba ta zubar da su, maƙwabta take rabawa, Kirista da Musulmi, domin zogale ko an raba shi da uwarsa, idan aka kafa shi a ƙasa yakan kama. A nan ta ga misalin amarya, wadda aka ɗauke daga gidan ubanta aka kai baƙuwar ƙasa, takan kuma tuna mana da 1 Korintiyawa 3:6, cewa Bulus ya shuka, Afolos ya yi banruwa, amma Allah ne ya sa girma.

Naki reshen na riga na zaɓe shi, mai kauri ne, tsawonsa kamu biyu. Ki kafa shi inda ruwa ba ya kwanciya, domin saiwarsa na saurin ruɓewa, ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki, idan kuma kika yi kwaɗon farko da ƙuli-ƙuli, ki fara aika wa surukarki.

Gwaggonki.