Amininka Kirista ya rasu: zuwa gaisuwa da tunawa da shi

Ɗan'uwa, ka ce amininka Kirista ya rasu, kana shakkar zuwa gaisuwa. Allah ya ba ka haƙuri.

Je ka. Da maƙwabcina Bakibɗe, wato Kirista ɗan cocin Kibɗawa mai asali a Masar, ya rasu a unguwar Masalma, a birnin Omdurman na ƙasar Sudan, sukari da ganyen shayi na kai, na zauna makoki da su. Kujerar da yake zama a ƙofar shagona har yau ban ɗauke ta ba.

Kuskurenmu shi ne a je ranar farko, sai a ɓace. Kibɗawa suna taron kwana 40; kai ma leƙa iyalin amininka a irin wannan lokacin, ka tambayi halin yaran. Kada ka kai musu muhawarar addini.

Batun roƙa masa gafara kuwa, wannan na malamai ne, tambayi limamin unguwarku.