Tambayi Tanti: firigon Jamus, zafin Yamai da tukunyar dalma

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kayan madafa masu tsada suka zo, sai ka ce haɗa baki aka yi. Na ɗauki huɗu, na taƙaita su.

Wata ƙanwata daga Koira Kano ta ce: "Tanti, maigida ya gama gini, ya ce in zaɓi firigon da raina ke so. Yayana da ke Beljiyam ya ce kada in kuskura in sayi wani in ba Miele ko Liebherr ba, nasa shekara 15 ke nan bai taɓa ganin mai gyara ba, kuma zai sako mini a kwantena. Aminiyata kuwa LG mai ƙofa biyu ta saya a nan Yamai, kullum tana yabonsa. Wa zan bi?"

Allah ya sanya alheri, ƙanwata, ya sa a shiga a sa'a. Yayanki bai yi ƙarya ba. Miele gidan Jamus ne tun 1899, har yau a hannun zuriyar mutum biyun da suka kafa shi yake, kuma su da kansu suna cewa suna gwada da yawa daga cikin kayansu daidai da aikin shekara 20. Liebherr kuwa, wanda wasu suka fi sani da manyan injunan ɗaga kaya a wurin gini, a harkar sanyi ba kanwar lasa ba ne. Hasali ma da yawa daga cikin firigon da ke ɗauke da sunan Miele a masana'antar Liebherr aka daɗe ana ƙera su, don haka sunaye biyun da ya ba ki ba su yi nisa da juna kamar yadda kuɗinsu ke nunawa ba. Haka Bosch da Siemens da Neff da Gaggenau: uwa ɗaya uba ɗaya ne, kamfanin BSH na birnin Munich, kuma sau da yawa kayan cikinsu iri ɗaya ne, fuska ce ta bambanta.

Sai dai ki tambayi yayanki a wane ɗaki firigon nasa ya yi shekara 15 ɗin. Ɗakin da zafinsa bai cika wuce digiri 22 ba, wuta ba ta ƙiftawa, ƙura ba ta shiga. Shaidarsa ta Beljiyam ce. Ke kuwa madafarki a watan Afrilu da Mayu, waje yana sama da digiri 40, ga tukunya a kan wuta, ga yara suna buɗe ƙofar firigo sau hamsin neman ruwan sanyi.

Kafin ki duba sunan kamfani, ki buɗe firigon ki nemi takardar da ke manne a bangon ciki, galibi kusa da aljihun kayan miya. Akwai wurin da aka rubuta "classe climatique". In kin ga N, an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba. ST ya kai 38. T shi ne ya kai 43, kuma shi ne namu. SN-T ma ya yi. Firigon da aka rubuta masa N, ko sunan wa ke jikinsa, a bazarar Yamai injinsa ba zai huta ba dare da rana, ya sha wuta, ya tsufa da wuri. Yawancin mutanen da suka zo mini da kukan "na sayi na Turai bai yi ƙarko ba", da muka duba takardar nan sai mu ga harafin da bai dace ba, musamman na hannu da ake sauke wa daga kwantena.

Na biyu wuta. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu. Ko a lokacin da abubuwa ke daidai, da zafi ya kama ana ɗaukewa ana maidowa. Ɗaukewar ba ita ke kashe firigo ba, dawowar ce, in ta zo da ƙarfi ko ta zo a raunane. Kuma iya tsadar firigo iya yawan ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikinsa.

Ni ganau ce. Shekarun baya na sa aka kawo mini wani daga Turai, ba zan kama suna ba, kyakkyawa kamar amarya. Wata tara muka yi lafiya. Ana saura kwana huɗu Layya wuta ta dawo da tsakar dare, allon lantarkin da ke sarrafa shi ya ƙone. Mai gyarana, dattijon da ya fi shekara 20 yana wannan sana'a, ya buɗe ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, injin lafiya lau yake, amma wannan allon ko an kife kasuwar Katako ba za a samu ba." Wata uku na jira kafin wani ɗan'uwa ya taho da shi a jakarsa. Naman Layyar shekarar a firigon maƙwabciya ya kwana, wani tsoho mai tsatsa a gindi wanda ba shi da allo ko ɗaya. Takardar garanti kuwa tana nan a durowa har yau, a ƙasar da aka saya kaɗai take aiki.

Daga nan na koyi zuwa wurin mai gyara kafin in je wurin mai sayarwa. Ki yi haka. Ki tambaye shi wane iri ne yake samun kayansa cikin kwana biyu a Yamai. Amsar da na fi ji ita ce na Koriya ta Kudu, wato LG da Samsung, sai na Sin kamar Hisense da Haier, sai Beko na Turkiyya. Ba don sun fi Liebherr ƙira ba ne. Don sun cika gari ne, masu gyara sun saba da cikinsu, kuma in wani ya mutu ana cire kayansa a tayar da wani. Hanya ma ta ƙara tsawo: tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso.

Masu irin na aminiyarki, abin da suke yabawa shi ne fili da rashin ƙara, da injin da ke tashi a hankali ba ya fizgar wuta, abin da ke yi wa mai gurup, wato janareta, ko mai hasken rana daɗi. Za ki ga an manna "garanti shekara 10" a ƙofa. Ki karanta da kyau, galibi na kompresa ne kawai, wato injin da ke kawo sanyin, ban da allo, ban da kuɗin aiki. Ki sa mai shago ya rubuta a rasit abin da ya ɗauka da wanda zai zo gida in an kira. Abin da kuma masu manyan firigo kowane iri suka fi kuka da shi shi ne famfon ruwa da injin ƙanƙarar da ke jikin ƙofa. Yana son ruwa mai ƙarfi, yana son a riƙa canza matata, kuma shi ke fara lalacewa. Ni da zan saya, wanda ba shi da wannan ƙawa zan ɗauka.

Don haka aminiyarki za ki bi. Rarar kuɗin ki sayi na'urar daidaita wuta mai kyau, wadda ke jinkirta minti uku zuwa biyar kafin ta saki wuta bayan an maido, sannan ki ƙara da firigon kwance na daskarar da nama. Shi in ya cika kuma ba a buɗe shi ba, yana iya riƙe sanyi kwana guda har fiye ba wuta. In kuma yayanki ya nace, kyauta ba a maida ta: ya tabbata T ne ko SN-T, ya haɗo da allo na ajiya, kuma in ya iso a bar shi tsaye wuni guda kafin a jona. Ki bar masa tazara da bango, duk ƙarshen hunturu a share ƙurar bayansa.

Wani Alhaji daga Tawa ya rubuto: "Ɗiyata ta fari zan aurar bayan Sallah. Ina so kayan madafarta su zama abin kwatance. A Abijan na ga murhun gilashi mai aiki da lantarki wanda ba a ganin wuta, na Bosch da na Siemens, na kuma ga babban murhun gaz na Smeg. Wanne ya fi?"

Alhaji, Allah ya sa albarka, ya kai mu lokacin. Murhun gilashin da ka gani da maganaɗisu yake aiki, tukunyar yake zafafawa kai tsaye. Yana da sauri, ba ya ƙara wa ɗaki zafi sosai, gogewa ɗaya ya yi fes. Matan da ke da shi a Turai ba sa son rabuwa da shi, kuma tsakanin Bosch da Siemens kada ka wahalar da kanka, na faɗa a sama gida ɗaya ne.

Amma ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka shiga madafar Hajiya ka manna a gindin tukwanenta. Duk wadda bai kama ba, wannan murhu bai san da ita ba. Tukunyar dalma da ake zubawa a Katako da kasuwar Tawa, wadda ita ce uwar girkinmu, ba ta aiki a kansa sam, balle ga gindinta a zagaye. Sannan ka yi tunanin tuƙin tuwo: mace ta dafe tukunya ta sa ƙarfinta duka a muciya, a kan gilashi. In ya tsage, ba mai ɗinke shi, sabo za a nema daga waje. Ga shi mai kai huɗu in an kunna duka yana iya jan kilowat 7, sai an duba ko mitar gidan da wayoyin za su ɗauka. Ranar da aka ɗauke wuta da magariba a watan azumi kuwa, amarya ta koma gawayi.

Gaz za ka saya mata. Smeg na Italiya ne, tun 1948 suke, kuma a kyan gani ba a ja da su. Duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta tanka. Murhun gaz ba shi da abin lalacewa mai yawa, shi ya sa a nan ban damu da nisan kayan gyara kamar na firigo ba. Abu uku za ka duba. Ƙarafan da tukunya ke zama a kai su zama na zubi masu nauyi. A samu kai ɗaya babba, mai zobe biyu ko uku, na tukunyar taro. Kuma ya kasance mai yanke gaz da kansa in iska ta kashe wutar.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Murhun da aka yi wa kasuwar Turai yakan fito a shirye don gaz ɗin bututu na gari, mu kuwa butan muke saye a kwalba mai kilo 6 ko 12 da rabi. Ƙofar ƴan bakunan da gaz ke fita ba ɗaya ba ce. Akwai wata ƴar leda a cikin kwalin da ƙananan bakuna na tagulla, masu gyara suna ce musu "gicleurs", su ake sauyawa kafin a kunna. In ba a sauya ba, wuta ta yi tsawo ta yi rawaya, tukwane su yi baƙi, gaz ya ƙare da wuri, a ce murhun ne ba shi da kyau. Na san gida biyu da aka zubar da ledar nan tare da kwali. Ka riƙe ta a aljihunka har Tawa. Tanderun gashin da ke ƙasa ma ka tambaya: da yawa na lantarki ne ko da saman na gaz ne, ka nemi wanda duka na gaz.

Wata ma'aikaciya daga Yantala tana tambaya ko injin wanke kwanuka na Miele ya cancanci kuɗinsa a kan na Bosch.

Ɗiyata, su biyun duk masu shi suna yabawa, kuma na zamani bai wuce lita 10 ko kusa da haka yake sha a wanki ɗaya ba, ƙasa da abin da ake zubarwa a hannu. Ga gida irin naki Bosch ya isa. Amma famfonku yana zuwa da ƙarfi kullum? In da tanki kuke, sai da injin tura ruwa. Sabulunsa da gishirinsa na musamman ne, sai manyan kantuna. Dalma tana baƙi a cikinsa, muciya da ludayi da ƙwarya suna tsagewa, ƙanzon tuwo kuma sai kin jiƙa kin kankare da kanki. In faranti da kofuna ne suka fi yawa a gidanki, bismilla.

Ta ƙarshe daga Bobiel: ƙanwarta da ke Amurka za ta aiko mata da injin kwaɓa fulawa na KitchenAid, don tana sana'ar kek da cincin.

Injin kirki ne, masu sana'a suna shekaru da shi. Sai dai ki kira ta yau kafin ta biya. Na kasuwar Amurka da wuta mai ƙarfin bolt 120 yake aiki, tamu kuwa 220 ce. Kina jonawa zai yi hayaƙi. Ana iya haɗa shi da taransifoma, amma rana ɗaya yarinyar aiki za ta manta ta jona kai tsaye. Kamfanin yana yin irin na 220 zuwa 240 don kasuwar Turai, shi za ta nema, ko ta turo kuɗin a sayo miki daga Faransa. Ki ce mata ta ɗauki hoton takardar da ke ƙarƙashin injin ta turo miki ta WhatsApp, ki ga lambar da idonki.